Kalankuwar Notting Hill da Gardamar Wa Ke da Titi

A ƙarshen makon ƙarshe na watan Agusta kowace shekara, wata unguwa a yammacin birnin Landan da ake kira Notting Hill takan canza kama gaba ɗaya. Tun daga ranar Juma'a masu kantuna suke soma buga allunan katako a jikin tagoginsu na gilashi, a datse tituna ga motoci, a rufe wasu tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, wasu kuma a mayar da su na fita kaɗai ban da shiga. Litinin ɗin ƙarshen Agusta ranar hutu ce a Ingila, don haka mutane suna da kwana uku a jere, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne ake gudanar da kalankuwar Notting Hill, wadda ake lissafa ta a matsayin bikin titi mafi girma a nahiyar Turai. Ba a sayar da tikiti, babu ƙofar shiga balle a ƙirga kawuna, shi ya sa duk adadin da aka bayar ƙiyasi ne; amma ƙiyasin yakan fara ne daga mutum miliyan ɗaya, masu shirya bikin kuma kan kai shi har miliyan biyu.

Wanda ya san bikin ta ɗan guntun bidiyo a waya kawai zai ɗauka taron sharholiya ne: kiɗa mai ƙara, rawa, barasa, da mata sanye da fuka-fukai da duwatsun ado fiye da tufafi. Duk waɗannan suna nan, babu mai musu. Sai dai wanda ya tsaya a nan ba zai fahimci dalilin da ya sa duk shekara ake tayar da jijiyar wuya a kan bikin a jaridu da majalisar birnin ba, ko dalilin da ya sa tsofaffin 'yan asalin tsibiran Karibiyan da ke gabashin Amurka ta Tsakiya kan fusata idan wani ɗan siyasa ya kawo shawarar a mayar da shi cikin wani filin shaƙatawa mai shinge. Asalin bikin rigima ce a kan wanda yake da ikon tafiya a waɗannan tituna kansa a ɗage, kuma har yau wannan rigimar ce take dawowa cikin sabbin tufafi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya tana neman hannuwan aiki ruwa a jallo, a asibitoci da jiragen ƙasa da motocin haya na birni da masana'antu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta bai wa mutanen ƙasashen da take mulka damar shiga su zauna, kuma a ranar 22 ga Yunin shekarar jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan fasinjoji daga Karibiyan a tashar Tilbury. Dubbai sun biyo bayansu a shekarun 1950. Aiki ya samu, wurin kwana ne ya zama jidali, domin a lokacin babu wata doka da ta hana mai gida ya ce ba ya ba baƙar fata haya. Sai a 1968 aka yi dokar da ta haramta irin wannan wariya a harkar gidaje da ɗaukar aiki. Notting Hill ta wancan zamani unguwar talakawa ce mai manyan tsofaffin gidaje da suka lalace, waɗanda aka yayyanka ɗaki-ɗaki ana cusa iyalai. Masu gidajen haya irin su Peter Rachman, wanda sunansa ya zama abin kwatance na zaluntar ɗan haya a Ingila, sun karɓi baƙin da kowa ya ƙi, suka kuma tatse su da kuɗin haya mai tsada. Turawan unguwar, waɗanda su ma talakawa ne da ke fama da matsin ɗaki, sai suka ɗora laifin ƙuncinsu a kan sabbin maƙwabta, ƙungiyoyin masu aƙidar fifikon farar fata kuma suka samu wurin hura wuta.

Wutar ta kama a ƙarshen Agustan 1958. Kwanaki da dama a jere gungun matasa farar fata, wani lokaci ɗaruruwa, suna yawo da sandunan ƙarfe da wuƙaƙe da kwalaben fetur suna far wa gidajen baƙaƙe, har sai da mazauna suka haɗa kai suka mayar da martani kafin abin ya lafa a farkon Satumba. Kotu ta ɗaure wasu samari tara farar fata shekara huɗu kowannensu saboda farautar baƙaƙen fata da suka fita yi a cikin dare. A watan Mayun 1959 kuma aka daɓa wa wani kafinta ɗan tsibirin Antigua mai suna Kelso Cochrane wuƙa har lahira a kan hanyarsa ta komawa gida, kuma har yau babu wanda kotu ta hukunta a kan kisan. Fiye da mutum dubu ne suka raka gawarsa, baƙaƙe da farare. Titunan da ake rawa a kansu a yau, su ne waɗannan titunan, kuma ƙarshen makon da ake bikin shi ne ya yi daidai da kwanakin tarzomar.

Amsar farko ta fito ne daga wata mata 'yar jarida, Claudia Jones, haifaffiyar tsibirin Tirinidad wadda ta girma a Amurka, aka kuma kore ta daga can a 1955 saboda kasancewarta 'yar jam'iyyar kwaminis. A Landan ta kafa jaridar West Indian Gazette a 1958. Bayan tarzomar ta ga cewa mutanenta suna buƙatar abin da zai wanke musu baƙin ciki ya kuma haɗa 'yan tsibirai daban-daban, domin ɗan Jamaika da ɗan Barbados da ɗan Tirinidad ba su ɗauki kansu abu guda ba kafin Ingila ta haɗa su a kwando ɗaya. A ranar 30 ga Janairun 1959 ta shirya kalankuwar Karibiyan a cikin zauren taro na St Pancras, da kiɗan kalifso da gangunan ƙarfe da gasar sarauniyar kyau ta baƙaƙen mata, BBC kuma ta nuna shi a talabijin. Wani abu da ke nuna irin tunaninta shi ne an ware wani kaso na kuɗin da aka tara don taimakawa wajen biyan tarar matasan da aka gurfanar saboda tarzomar, baƙaƙe da farare baki ɗaya. An ci gaba da wannan biki na cikin zaure duk shekara har ta rasu a ƙarshen 1964.

Fitowar bikin kan titi kuwa ta wata hanya ta biyo. Rhaune Laslett ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce da ke zaune a unguwar, wadda ta shirya wani ɗan biki na waje domin yaran unguwa na kowane jinsi, 'yan Ailan da 'yan Sifen da 'yan Fotugal da 'yan Afirka da 'yan Karibiyan, kuma 1966 ce shekarar da aka fi ambata a matsayin mafarinsa. Ta gayyaci makaɗin gangar ƙarfe ɗan Tirinidad, Russell Henderson, da abokan kiɗansa. Su kuwa da suka ga zama wuri ɗaya bai yi musu ba, sai suka rataya gangunansu a wuya suka kama hanya suna kiɗa, kamar yadda ake yi a Port of Spain, babban birnin Tirinidad. 'Yan Karibiyan da suka ji sautin gida suka fito daga ɗakunansu suka bi su a baya, jerin gwanon ya yi ta tsawo. Ana ta gardama har yau a kan wace ce uwar bikin tsakanin matan biyu, gardamar da a ganina ba ta da wani amfani sosai, tunda ɗaya ta kawo manufar, ɗaya ta buɗe ƙofar titi, makaɗa kuma suka yi abin da ya rage ba tare da neman izinin kowa ba. Ba a Landan kaɗai abin ya tsaya ba: a birnin Leeds an fara irin wannan kalankuwa a 1967, kuma ita ma a wannan ƙarshen makon ake yin ta.

Domin a gane me ya sa tafiya a titi take da nauyi haka a wajen ɗan Tirinidad, sai an waiwayi tsibirin kansa. Turawan Faransa masu gonakin rake da suka kwarara can bayan 1783 su ne suka kawo al'adar shagulgulan rufe fuska kafin azumin Kirista, bayinsu kuma suna kallo daga nesa suna kwaikwayonsu a ɓoye. Da aka kammala 'yanta bayi a 1838, sai 'yantattun suka mamaye bikin suka fito da shi titi, da ganguna da wasan sanda da jiniyar wuta, suna tuna daren da ake tashinsu a kora su kashe gobarar rake. Wannan shi ake kira Kanbule. Gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya ta yi ta ƙoƙarin murƙushe shi, abin da ya kai ga arangama da 'yan sanda a Port of Spain a 1881, daga bisani kuma aka taƙaita kaɗa gangar fata. Da aka hana su fata sai suka koma ga gora, suna yanka ta tsayi daban-daban suna buga ta a ƙasa. Daga gora aka koma gwangwanin biskit da na fenti, daga nan kuma, a shekarun 1930 da 1940, samarin unguwannin talakawa irin su Laventille suka gano abin da za a iya yi da durom ɗin mai, wanda yake a yalwace saboda arzikin man fetur na tsibirin da kuma sansanin sojan ruwan Amurka da aka kafa can lokacin yaƙi.

Aikin ƙera wannan ganga abin a tsaya a kalla ne. Maƙerin yakan kifa durom, ya yi ta dukan gindinsa da guduma mai nauyi har ya lotsa ya zama kamar ƙwarya. Sai ya zana da'irori a cikin lotsawar, kowace da girmanta, ya bi gefensu da ƙusa mara tsini yana tsaga iyaka don kada sautin wannan ya shiga na wancan. Daga nan ya yanke jikin durom ɗin daidai tsawon da yake so, gajere don siririyar murya, dogo don babbar murya, ya gasa shi a wuta, sannan ya koma da ƙaramar guduma yana ɗan taɓa kowace da'ira yana saurare, har ta ba da ainihin sautin da ake nema. Ganga ɗaya ta gaba tana iya ɗaukar sautuka kusan talatin. Kayan da aka raina a da, ake ɗaukar masu kaɗa shi a matsayin 'yan daba, yanzu shi ne kayan kiɗan ƙasa na Tirinidad da Tobago, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa ranar 11 ga Agusta. A Notting Hill da yammacin Asabar ake gasarsa, wadda ake kira Panorama, inda ƙungiyoyi masu makaɗa da dama kowace suke fafatawa a wani fili da ke arewacin unguwar, bayan sun shafe makonni suna atisaye da dare, kuma yawancinsu da ka suke haddace kiɗan ba da takarda ba.

Akwai wata 'yar alaƙa a nan da za ta ba Bahaushe sha'awa. Waƙar kalifso, wadda ita ce jaridar talaka a Tirinidad, da ita ake yi wa gwamna da attajiri habaici da zambo, tsohon sunanta shi ne kaiso, kalmar da masu sauraro kan yi ihu da ita idan mawaƙi ya burge su. Cikin bayanan da masana suka kawo game da asalinta akwai wanda ya danganta ta da "kaico" ko "kaito" ta Hausa, akwai kuma wanda ya kai ta ga harsunan Efik da Ibibio. Abin da ya tabbata shi ne akwai Hausawa cikin 'yan Afirkan da aka kai tsibirin a ƙarni na 19, tare da Yarabawa da 'yan Kwango da Mandinka.

Bikin ya zauna a matsayin ƙaramin abin unguwa har zuwa 1973, lokacin da wani malamin makaranta ɗan Tirinidad, Leslie Palmer, ya karɓi ragamarsa. Shi ne ya nemo masu ɗaukar nauyi, ya ƙarfafa ƙungiyoyin shigar ado, ya kuma yi abin da wasu 'yan ƙasarsa ba su yafe masa da wuri ba, wato ya shigo da manyan lasifikokin 'yan Jamaika. Wannan al'ada a Kingston, babban birnin Jamaika, aka haife ta, inda mai faifai kan jera akwatunan lasifika da ya ƙera da hannunsa a bakin titi ya tara jama'a. A Ingila ta samu gindin zama ne saboda gidajen rawa da mashaya da yawa ba sa maraba da baƙar fata, sai aka koma yin shagali a ɗakunan ƙasa na gidajen haya. 'Yan Jamaika sun fi kowane tsibiri yawa a Birtaniya, 'ya'yansu da aka haifa a Landan kuma kiɗan rege na Jamaika suke ji, ba kalifso ba. Da lasifikokin suka shigo sai matasa suka cika unguwar, cikin 'yan shekaru taron ya tashi daga dubbai kaɗan zuwa fiye da dubu ɗari. Yau akwai irin waɗannan rumfunan sauti fiye da talatin, kowace da kusurwar da aka san ta da ita shekara da shekaru. Mutum yana tsaye gaban bangon lasifikokin da ya fi shi tsayi zai ji sautin a ƙirjinsa kafin kunnensa, gilashin tagogin gidajen kusa yana kakkarwa, da ƙarfe 7 na yamma kuma doka ta ce a kashe.

Girman taron ne ya jawo idon hukuma, dangantakar baƙaƙen unguwar da 'yan sanda kuwa dama a lalace take. Gidan abincin Mangrove da Frank Crichlow ya buɗe a titin All Saints a 1968 ya zama matattarar 'yan gwagwarmaya, 'yan sanda suka yi ta kai masa samame da sunan neman ƙwaya ba tare da sun samu ba. Zanga-zangar da aka yi a kan haka a 1970 ta kai mutum tara gaban kotun Old Bailey, inda aka wanke su daga babban laifin tayar da tarzoma a 1971, alƙalin kuma ya yarda cewa shari'ar ta nuna alamun ƙiyayyar launin fata daga ɓangarorin biyu, wato har da 'yan sanda. Ga kuma wata tsohuwar doka ta 1824 da ta ba ɗan sanda ikon kama mutum bisa zargin kawai cewa yana niyyar aikata laifi, wadda aka yi ta amfani da ita a kan samari baƙaƙe kafin a soke ta a 1981. A bikin 1976 aka jibge 'yan sanda fiye da kima, yunƙurin kama wani da ake zargi da yankan aljihu ya rikiɗe ya zama faɗa, 'yan sanda fiye da ɗari suka ji rauni, wasunsu suna kare kansu da murafun kwandon shara. Daga wannan shekarar ne jaridun Ingila suka koyi ba da labarin bikin da adadin waɗanda aka kama, kuma ba su daina ba.

Batun tsaro yana da fuska biyu, kuma masu gardama a kansa kowa yakan riƙe ɗaya ya yi kamar bai ga ɗayar ba. Ana tura 'yan sanda kimanin 7,000 kowace rana, ana kama mutane ɗaruruwa a kwana biyun, yawanci kan ƙwaya da riƙe makami da cin zarafin jami'ai. Magoya bayan bikin suna cewa idan aka raba wannan adadi da yawan mahalarta, bai wuce abin da ake gani a manyan bukukuwan kiɗa da farar fata suka fi halarta ba, amma waɗancan ba a buɗe labarinsu da lissafin kame. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Haka kuma kyamarori masu gane fuska da aka gwada a bikin a 2016 da 2017, aka sake kafawa a hanyoyin shigarsa a 2025, sun ƙara wa mutane jin cewa taron baƙaƙe ne ake mayarwa wurin gwaji. Amma ɗaya fuskar ita ma ba ƙarya ba ce. An kashe mutum biyu a bikin shekarar 2000, a 2024 ma mutum biyu sun rasu sakamakon harin da aka kai musu a wurin bikin da kewayensa, ɗaya daga cikinsu uwa ce da aka soka wa wuƙa a gaban 'yarta ƙarama, a ranar Lahadi da aka keɓe don yara da iyalai. Waɗanda irin wannan ta'asa ta fi shafa baƙaƙen ne da kansu, don haka mai ƙaunar bikin ba shi da hujjar kawar da kai.

Abin da ya fi wuƙa tayar wa masana hankali shi ne turmutsutsu. Titunan Notting Hill an shimfiɗa su ne a ƙarni na 19 don keken doki, hanyar jerin gwanon kuma kimanin kilomita biyar da rabi ce kawai, ga layin dogo da magudanar ruwa da babbar gadar Westway sun datse unguwar ta yadda mashigai kaɗan ne. Idan babbar motar kiɗa ta zo wucewa kusa da wata rumfar sauti da ta riga ta cika, mutum yakan tsinci kansa ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa sosai, taro ne ke tafiya da shi. Tun bayan abin da ya faru a birnin Seoul na Koriya ta Kudu a Oktoban 2022, inda fiye da mutum 150 suka mutu a turmutsutsu a wani ɗan lungu, manyan jami'an 'yan sandan Landan suke nanata cewa wannan ne babban abin tsoronsu. Maganinsa kuɗi ne, domin ana buƙatar ƙwararrun masu kula da taro da yawa, kuma kamfanin da ke shirya bikin ba shi da kuɗin ƙofa da zai biya su. A 2025 sai da shugabanninsa suka rubuta wa gwamnati cewa bikin yana cikin haɗari, kafin ofishin magajin gari da ƙananan hukumomi biyu, ta Kensington da Chelsea da kuma ta Westminster, su haɗa kusan fam miliyan ɗaya na gaggawa.

A nan ne lissafin kuɗin yake da ban mamaki. Wani nazari da hukumar raya birnin Landan ta yi a farkon shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa bikin yana shigo wa tattalin arzikin birnin fam miliyan 93 a shekara, ƙiyasin baya-bayan nan kuma ya ninka wannan sau da yawa. Amma kuɗin otal-otal da jiragen ƙasa da manyan kantuna da kamfanonin barasa suke kwashewa. Waɗanda suke ƙirƙirar abin da ake zuwa kallo, masu ɗinkin kayan ado da ke kwana a wuraren aikinsu tun daga bazara suna lanƙwasa waya suna manna gashin tsuntsu, da masu koya wa yara ganga, yawancinsu aikin sa kai suke yi ko kuma da ɗan tallafin hukumar raya fasaha suke rarrafawa. Mai sayar da abinci yakan biya kuɗin rumfa mai tsada kafin ya hura gawayi a rabin durom ɗinsa ya jera kajin da suka kwana cikin yaji, kuma idan aka yi ruwan sama ranar Litinin to asara ta hau kansa. Har mazauna unguwar wasu sun samu tasu sana'ar, suna karɓar 'yan fam kafin su bar baƙo ya shiga bayan gidansu.

Matsin kuɗin ya taɓa kamannin bikin ma. Tsohuwar al'adar shigar, wadda suke kira mas, labari take bayarwa: ƙungiya takan zaɓi jigo, ko tarihin bauta, ko wata masarautar Afirka, ko shaguɓe ga masu mulki, ta fito da shi a jikin ɗaruruwan mutane. Da asubahin Lahadi kuma akwai al'adar Juve, inda ake shafe jiki da fenti da taɓo da hoda, abin da ke komawa kai tsaye ga daren Kanbule. Sai dai abin da ya fi sayuwa yanzu shi ne ɗan kamfai da duwatsu da fuka-fukai irin na kalankuwar birnin Rio na Brazil, wanda mai so yakan biya fam ɗaruruwa ya saya, haɗe da abin sha da wurin rawa a bayan mota cikin igiya. Mai karatu da wannan shigar ta dame shi ya sani cewa ba shi kaɗai ba ne: tsofaffin masu ƙera kayan mas suna kukan cewa an bar labari an koma tallan jiki, iyalai da yawa 'yan Karibiyan masu riƙo da coci kuma ba sa taka ƙafarsu wurin. Masu kare shigar su kuma suna cewa jikin da aka taɓa sayarwa a kasuwa, mai shi ne yake da ikon yin ado da shi yadda ya ga dama. Gardama ce ta cikin gida da aka daɗe ana yi, a Port of Spain ma ba a gama ta ba.

Wata gardamar ta cikin gida ita ce ta 'yan Afirka. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa a Ingila da Wales baƙaƙe 'yan asalin Afirka sun kai kusan miliyan ɗaya da rabi, 'yan asalin Karibiyan kuma kimanin dubu 600, alhali a ƙidayar 2001 'yan Karibiyan ne suka fi yawa. Ana ganin wannan sauyi a titi: tutocin Najeriya da Gana suna kaɗawa cikin na Jamaika da Girenada, kiɗan Afrobeats yana tashi daga motoci, ana sayar da dafa-duka da tsire kusa da gasasshiyar kazar Jamaika. Wasu 'yan Karibiyan suna maraba da haka a matsayin haɗuwar dangi, wasu kuma suna tsoron kada kiɗan soka na Tirinidad da kalifso da gangar ƙarfe, waɗanda ba su da wani babban dandali a Birtaniya in ba wannan ba, su nutse a cikin kiɗan da dama yana da gidajen rediyo da manyan filaye. Ina ganin tsoron nasu yana da tushe, domin wanda ya zo biki ya tarar da shi a shirye ba lalle ne ya san wahalar da aka sha kafin a kafa shi ba.

Babban sauyin da ya fi duk waɗannan shi ne na unguwar kanta. Gidajen da Rachman ya cusa iyalai goma a ciki an gyara su sun koma gidan mutum ɗaya, ana sayar da su fam miliyoyi, Notting Hill ta zama cikin wurare mafi tsada a Birtaniya. 'Ya'ya da jikokin waɗanda suka kafa bikin yawancinsu sun koma wasu unguwanni ko bayan gari, sai jirgi suke hawowa su zo. Waɗanda suka rage suna cikin gidajen gwamnati ne a arewacin gundumar Kensington da Chelsea, kuma duniya ta ga halin da suke ciki a ranar 14 ga Yunin 2017, lokacin da gobara ta cinye dogon benen Grenfell ta kashe mutum 72, a cikin gundumar da take sahun gaba a arziki a ƙasar. Wurin benen yana kusa da hanyar jerin gwanon. An yi kiran a ɗage bikin na shekarar ko a kai shi wani wuri, mutanen unguwar da dama suka ƙi, aka yi shi da koren tufafi don tunawa da mamatan. Tun daga lokacin, da ƙarfe 3 na rana a ranakun Lahadi da Litinin akan kashe kowace lasifika, a ajiye sandunan ganga, taron ya yi tsit. A 'yan shekarun nan daƙiƙa 72 ake yi, ɗaya ga kowane rai.

Da wannan a zuciya ya kamata a auna shawarar mayar da bikin filin Hyde Park ko sanya masa tikiti, shawarar da take tasowa tun bitar da magajin gari Ken Livingstone ya sa aka yi bayan kashe-kashen 2000. Ta fuskar lissafin taro shawarar tana da ma'ana, domin fili mai ƙofa ana iya ƙirga masu shiga a kuma bincike su. Ba kuma duk mai ƙorafi ne attajiri ko mai wariya ba. Akwai tsofaffi da marasa lafiya da kwana biyun nan suke zame musu azaba, har ƙaramar hukumar takan kwashi wasu dattawa ta kai su bakin teku su huta. Amma tikiti zai tace talakan da aka kafa abin dominsa, fili kuma zai raba bikin da titunan da suka ba shi ma'ana, ya mayar da shi wasan kiɗa irin wanda Landan take da su birjik duk bazara. Ga wanda aka kori kakansa da sandar ƙarfe a titin Ladbroke Grove na unguwar, shi kuma tsadar haya ta kore shi daga can, kwana biyun nan ne kaɗai yake dawowa a matsayin mai wuri. Hanyar da ta fi dacewa a ganina ita ce gwamnatin ƙasa ta ɗauki nauyin kula da taron a kasafi na dindindin, kamar yadda take yi wa manyan bukukuwan ƙasa, a kuma faɗaɗa yankin da rarraba rumfunan sauti don rage cunkoso, maimakon a bar masu shiryawa suna bara gab da biki.

Sau biyu kawai titunan suka yi shiru a ƙarshen Agusta tun da aka fara, wato 2020 da 2021 saboda annobar korona, a 2022 kuma jama'a suka dawo. A daren Litinin, da zarar motar ƙarshe ta wuce gaban alƙalan gasa, ma'aikatan shara kan shiga da motocinsu su kwashe abin da ya kai tan 300 kafin gari ya waye. Da safiyar Talata kafintoci suna cire allunan katako daga tagogi, masu gidajen da suka yi ƙaura na kwana uku suna sauke akwatunansu daga mota, a ɗakunan ajiya na ƙungiyoyin kuma ana jera gangunan ƙarfe a rufe su da tamfol, waɗanda suka lotse a ware su gefe don maƙeri ya sake bi da guduma.